Mayyar Filifin da Tabarmar Kaka

Ni ce idon Kaka. Da bakinta ta faɗa, a gaban mutane, ba sau ɗaya ba, ni kuwa na riƙe maganar kamar an naɗa mini sarauta. Tun ina aji uku a sakandare yanar ido ta rufe mata gani, har ya zama ba ta bambance komai sai haske da duhu. Ni nake riƙe mata sanda in za ta zaga, ni nake cire mata ƙaya a kifi, ni nake raɗa mata irin zanen da maƙwabciya ta ɗaura in ta shigo gaisuwa. Amma babban aikina, wanda nake hura hanci da shi, shi ne fim.

Gidanmu a Daura gidan malamai ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, sai wansa, wanda muke kira Baffa, ya riƙe gidan, yana karantar da ɗalibai a zaure. Shekarun nan ne da shari'a ta shigo da zafinta, hijabai suka ƙara tsawo, kowa yana lura da abin da ke fitowa daga gidan kowa. Duk da haka Baffa bai hana mu kallo ba. Sharuɗɗa ya kafa: a ɗakin Kaka, tsakanin azahar da la'asar, a rage murya kada ta kai zaure, in an zo wurin rawa a tura gaba. Rimot yana hannuna.

Da an kawo wuta mata za su cika ɗakin, da mahaifiyata, da matar Baffa, da maƙwabta biyu ko uku. Kowa ƙasa yake zama. Ni kaɗai nake hawa tabarmar Kaka, a damanta, don kunnenta na hagu ya yi nauyi. Fim ɗin Indiya muke kallo. Indiyancina bai wuce a ƙirga da yatsu ba, amma ina karanta Turancin da ke gudu a ƙasa, sauran kuma in ƙara gishiri daga kaina. Kaka takan riƙe mini wuyan hannu. In bos, mugun fim ɗin, ya fito ta matsa, in jaruma tana kuka ta saki ajiyar zuciya ta ce, "Allah ya isar miki, 'yar nan." Hannun nan nata mai sanyi, mai ƙanshin man kaɗanya, ban san ina ƙaunarsa haka ba sai da ya koma kan hannun wata.

Watar kuwa taubashiyata ce, ɗiyar goggona. Goggon ta tafi aikin hajji tun ba a haife ni ba, ta zauna a can, ta yi aure, ta haihu, mijin ya mutu. Wata safiya aka kama ɗiyar a titin Jidda tana hanyar zuwa gidan da take aiki, ba takardar zama, aka sako ta a jirgi zuwa Kano. Uwar ba a kama ta ba. Baffa ya hau mota ya je ya taho da yarinya da 'yar jakarta guda. Sa'ata ce, doguwa, fara sol kamar ba ta taɓa shiga rana ba, Hausarta duk a cakuɗe da Larabci. Gida ya sa mata 'Yar Jidda.

Makonnin farko na tausaya mata ƙwarai. Ba ta iya haɗiye tuwon dawa da miyar kuka ba, ta je jan ruwa ta saki guga a rijiya, in akuya ta nufo ta sai ta ruga ɗaki. Kullum tana bakin ƙofa a rakuɓe. Na ba ta zanena, na koya mata yadda ake dama fura. Tausayi yana da daɗi in kai ne a sama, wannan sai daga baya na gane.

Ranar da abin ya fara, an kawo wuta, ɗaki ya cika, sai faifan Indiyan da muka aro ya ƙi tafiya, duk ya karce. Mata suka fara tsaki. Daga bakin ƙofa 'Yar Jidda ta ce a hankali, "Ni akwai fim a wurina." Ta je ta ɗauko faya-fayai a naɗe cikin ɗankwali. Ta ce wata mata 'yar ƙasar Filifin ce ta ba ta, tare suka yi aiki a gidan Balarabe, ɗaki ɗaya suke kwana a bayan kicin. Ta saba yawo da su a jakarta, shi ya sa suka biyo ta har nan alhali ko takalminta na biyu bai biyo ta ba.

Na gyara zama, na danna, na buɗe baki. Ba abin da ya fito. Yaren bai yi kama da komai da na taɓa ji ba, rubutun ƙasa kuma Larabci ne, ba ko wasali. Larabcina na Islamiyya ne, kafin in haɗa kalma ɗaya layin ya wuce.

"Idona, me ake yi?" in ji Kaka.

"Wata mata ce take tafiya."

"Daga nan fa?"

"Tana dai ta tafiya."

Sai muryar nan ta taso daga bakin ƙofa. "Kaka, matar nan mai sayar da ganye ce a kasuwa. Amma mayya ce. Yanzu za ta shiga bayan ayaba ta rabu biyu."

"Ta rabu me?" Kaka ta juyo da kunnenta mai ji. "Matso nan, 'yar nan. Ke, gusa mata."

Na gusa. Tabarmar ba ta da faɗin da za ta ɗauki uku, rabin jikina ya sauka ƙasa.

Gaskiya ɗaya ce, ko ina baƙin ciki sai na faɗe ta: fina-finan nan sun yi daɗi. Ban taɓa ganin abin tsoro da ban dariya a ƙwarya ɗaya kamar su ba. Mayyarsu ba irin tamu ba ce mai kama kurwa tana zaune a ɗakinta. Ita tasu daga ƙugu take tsinkewa, saman ya fito da fukafukai irin na jemage ya tashi neman masu ciki, ƙasan ya tsaya cak a inda ta bar shi yana jiranta. Maganinta kuwa gishiri. In aka sami ƙugun nan aka barbaɗa masa, ba za ta iya komawa ta manne ba, rana ta fito ta ƙone ta. Akwai wani aljani mai kai irin na doki da ke ɓatar da matafiya a daji, sai mutum ya juya rigarsa bai-bai kafin ya ga hanya. Akwai ƙato baƙi da ke zaune a kan bishiya yana busa taba. Akwai kuma ɗan tsoho mai gemu da ke zaune cikin suri, wanda in za ka wuce sai ka nemi izininsa, in ba haka ba ƙafarka ta kumbura. A tsakaninsu kullum akwai wani matsoraci mai tumbi da ya rataya tafarnuwa a wuya kamar carbi, yana gudu wando na faɗuwa.

'Yar Jidda ba fassara kawai take ba. Ta san abubuwan daga bakin mai su. Takan ce, "Ƙawata ta ce a ƙauyensu an taɓa ganin irinta." Tana kwaikwayon kukan mayyar, tana kwaikwayon matsoracin, Hausarta na karyewa, karyewar ma tana ƙara wa abin armashi. Kaka kuwa dariya har da tari, har sai an miƙo mata ruwa. A shekarun da na yi ina ba ta labarin Indiya na sa ta kuka sau da yawa, amma ban taɓa sa ta irin wannan dariyar ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hirar da suke yi bayan an ɗauke wuta. Kaka mutuniyar wani ƙauye ce ta wajen Baure, kuma ashe duk halittun nan tana da 'yan uwansu a ajiye. "Mai busa taba a bishiya? Ai namu a tsamiya yake, sai dai ba ya shan taba, ya fi naku tarbiyya." Ta ba ta labarin wani Bafulatani da ya yi ta kewaya gona ɗaya da shanunsa tun hantsi har yamma. Ta ba ta labarin kakarta da ba ta zubar da ruwan zafi a ƙasa sai ta yi magana. Ni da na tashi a gabanta, ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin labaran nan ba. Na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Yo ke kin taɓa tambaya? Ke bakinki ba ya hutawa balle a sa miki wata."

Sai na koma ga makamin da al'ada ta ba ni. Taubasai ai wasa ne tsakaninsu, duk abin da na faɗa ba mai kama ni. In ta shigo in ce, "Ga baiwata mai jin tsoron akuya." In ta yi kuskuren magana in maimaita a tsakar gida har kowa ya dara. Na ce mata mu a nan ba a sako mutum a jirgi kyauta sai ya yi wani abu. Ita ba ta san yadda ake ramawa ba, ba a koya mata wasan a can ba. Murmushi kawai take yi ta sunkuyar da kai. Mahaifiyata ta taɓa jawo ni gefe ta ce, "Wasan nan naki yana da haƙora." Na ce ni wasa nake. Ƙarya nake, kishi ne, irin wanda ke tashe ka da ɗacin baki.

Wata Laraba muka sa wani mai faifai biyu. A cikinsa mayya ta tashi ta bar ƙugunta a bayan shagon wani tela. Tela ya fito, ya ɗauka mutum-mutumi ne aka yar, ya kinkime shi ya kai shago ya ɗaura masa siket yana tallar ɗinki. Ita kuma ta dawo tana shawagi a kan gari, tana leƙa kowane lungu, tana kuka tana tambayar karnuka ko sun ga ƙafafunta. Can kuma matsoracin nan ya taho da buhun gishiri a ka, mutanen gari na biye. Daidai nan faifan farko ya ƙare, kafin a sa na biyu aka ɗauke wuta. Kaka ta buga cinya. "Kai, wannan baiwar Allah! Ni dai tausayi take ba ni. Gobe in Allah ya kai mu sai mu ga ƙarshenta."

Bayan la'asar ta ce tana son ta miƙe ƙafa. Na tashi zan ɗauki sanda, sai na ga sandar tana hannun 'Yar Jidda. Suka nufi bayan gida wajen turken awaki, inda wani tsohon suri yake a jikin katanga. Na bi su daga nesa kamar mai neman wani abu. Da suka zo daidai surin, 'Yar Jidda ta raɗa mata, sai Kaka ta tsaya, ta ɗan rusuna, ta ce da muryar wasa, "Masu wuri, a gafarce mu, tsohuwa ce da jikarta za su wuce." Suka fashe da dariya, suna riƙe da juna.

Tsohuwa da jikarta, ta ce. Jika ɗaya.

Ni nake kai wa Baffa abincinsa zaure kafin magariba, in ɗalibai sun tashi. A gidan malamai yaro ba ya kai ƙarar babba, balle a ce jika ta kai ƙarar kaka. Amma akwai ƙofar da ba a taɓa rufewa, ita ce tambayar addini. Wanda ya zo neman sani ba a ce masa magulmaci. Na ajiye kwano, na durƙusa, na ƙi tashi.

"Akwai magana ne?" in ji shi.

"Tambaya ce, Baffa. Mene ne hukuncin mutumin da ya tsaya a gaban suri ya nemi izinin waɗanda ke ciki?"

Ya ajiye littafin da ke hannunsa. "Wa ya yi haka?"

"A'a, tambaya dai nake."

"Tambaya ba ta faɗowa daga sama. A ina kika gani?"

Na yi ta noƙewa, ina bari yana jawo maganar daga bakina kaɗan-kaɗan, don in iya gaya wa kaina cewa tilasta ni aka yi. Na ambaci fim ɗin, na ambaci mai fim ɗin. Dariyar da suka yi a gaban surin ita kaɗai na bari a cikina. Ya daɗe yana kallona, kallon da ban so ba, sannan ya ce in tafi.

Washegari da hantsi ya shigo ɗakin Kaka, ya durƙusa ya gaishe ta. Ina tsakar gida ina tankaɗe, kunnena na can. Bai ɗaga murya ba, Baffa ba mai faɗa ba ne.

"Wasa ne fa," in ji Kaka.

"Na sani, Iya. Amma gidan nan ido a kansa yake. Katangar bayan nan gajera ce. In wani ya ji, gobe a ce a gidan malam ana gaida suri, da wane baki zan karantar?"

Ya sa aka kwashe talabijin da na'urar faifai aka kai ɗakinsa. Duka. Ni a lissafina na Filifin za a hana a bar mini Indiyana, ban kawo wannan ba. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ni kuwa har da ƙafata na auna zurfinsa. Ga 'Yar Jidda kuma abin da ya ce kawai shi ne ta adana faya-fayanta, kada a sake sa su.

Adanawa ya ce. Amma yarinyar da aka taɓa tsinta a titi aka raba ta da uwarta ba ta jin magana yadda muke ji. Da rana ina ɗaki na ji wani wari mai hawa kai. Na fito na tarar da ita a tsugune gaban murhu, tana tura faya-fayan ƙarƙashin tukunyar wake ɗaya bayan ɗaya, suna lanƙwashewa suna baƙin hayaƙi. Matar Baffa tana cewa, "Ke, wa ya ce ki ƙona?" Ita kuwa sai maimaitawa take, "Ba na son matsala. Wallahi ba na son matsala. Kada a mai da ni wani wuri." Ɗankwalin da ta naɗe su a ciki ta ninke ta sa a ƙirji.

Daga ranar ta koma bakin ƙofa. Kaka ta kira ta ta zo ta zauna, sai ta ce tana da wanki. Ba a yi wata biyu ba dangin mahaifinta na Sandamu suka zo gaisuwa, ta roƙi Baffa ya bar ta ta bi su. Da za ta tafi ta mayar mini da zanena a wanke a goge, ta ce, "Na gode, taubashiya." Ba ta taɓa sanin ni ce ba, ko kuma ta sani ta fi ni hali. Har yau ban tambaye ta ba.

Tabarma ta dawo hannuna. Washegarin tafiyarta bayan azahar na shiga na zauna a daman Kaka, na baje sosai. An kawo wuta, fanka na juyawa, ba abin kallo. Na ce bari in ba ta labarin wani fim ɗin Indiya da na sani da ka.

"A'a," ta ce. "Ƙarasa mini na matar nan mai neman ƙafafunta. Ya aka yi da ita?"

Ban ga faifai na biyu ba, ba wanda ya gani a gidan. Amma na saba ƙari, kuma ina son in nuna mata ni ma na iya. Na gyara murya na shirya mata shi tsaf: yadda matsoracin ya gane ƙugun a shagon tela, yadda aka zazzage masa buhun gishiri, yadda mayya ta iso a makare ta yi ta ƙoƙarin mannewa abin ya ƙi, har rana ta fito ta zama toka, gari ya huta. Na sa kuka, na sa ihu, na yi iyakar yina. Ina yi ina jiran hannunta ya zo kan nawa.

Hannunta na kan cinyarta. Har na gama bai motsa daga wurin ba.

"Haka kika so ya ƙare," ta ce.

"Ai mayya ce, Kaka."

"Ni ido na rasa, ba kunne ba. Na san takunki. Kullum in kin kai kwanon Baffanki, kafin in gama alwala kin dawo. Ran nan har na idar da salla ban ji takalminki ba."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Yarinya ta zo mana da rabin jiki, rabin yana can wurin uwarta. Ɗan abin da ta riƙo take dafawa ta tsaya a cikinmu, shi kika bi kika zuba wa gishiri. Me ta ci miki? Ina da dama ina da hagu. Da kin zagayo ta hagun kin ɗaga murya kaɗan, ai da na ji ki."

Na fara kuka, ina jira ta ce ya isa, yadda take cewa tun ina ƙarama. Ba ta ce ba. Ta lalubi gefen filo ta jawo 'yar rediyonta, ta murɗa har ta kamo tasha.

"Wuri kike so, ga shi nan kin samu," ta ce. "Zauna."

Ta ɗora rediyon a kafaɗarta ta dama, daidai kunnen da take ji da shi. Na zauna a tabarmar ni kaɗai har aka kira la'asar.